Wutar da Ta Rage a Batirin Baba

Shekara ta biyu ke nan da damina ta yi mana rowa lokacin da na koma gida Sabon Birni da kwamfuta a jaka. Jami'a ta shiga yajin aiki, ni kuma ina tsakiyar digiri na biyu, aikin da ba ya buƙatar komai sai kwamfuta da wuta da haƙuri. Na ga gara in je in ci tuwon Inna in yi zanena a zaure, da in zauna a ɗakin haya ina ciyar da sauro. Malamin da ke duba aikina Bayarabe ne, kuma tun ranar da ya gano ni Bagobiri ne bai sake raga mini da wasan taubasantaka ba. Da na je sallama ya ce in gaishe masa da bayinsa na Gobir, in kuma tabbata na dawo da aiki a hannu. Na ce masa zan isar da gaisuwar bawa ga iyayen gidansa.

Aikin nawa yana da wuyar faɗi a gida. In ka buɗe waya ko rediyon zamani za ka ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu, wani bai kai ƙwayar wake ba. A cikin kowanne akwai ƙananan ƙofofin wuta da ido ba ya gani, dubbai a kan dubbai, kuma kowace ƙofa magana biyu kawai ta sani, e da a'a. In wuta ta zo mata da ƙarfi, e ke nan. In babu, a'a. Daga haɗa waɗannan ake samun lissafi da murya da hoto. Nawa aikin shi ne in zana ƙofofin yadda za su yi aiki da wuta 'yar kaɗan, don batir ya daɗe. Wahalar ita ce duk yadda ka rage wutar, e da a'a suna matsowa kusa da juna, har ƙofa ta rikice ta ɗauki wannan a matsayin wancan. In kuma ka sassauta ƙofar don ta buɗu da sauƙi, sai ta ƙi rufuwa ruf, wuta ta riƙa yoyo ko na'urar tana kashe. Na taɓa yi wa Inna wannan bayani. Ta leƙa fuskar kwamfutar, ta ga layuka ja da kore sun sarƙe, ta ce ashe gidan tururuwa aka tura ni koyon zanawa.

Ni ne ɗan fari, don haka a gidanmu ba a kiran sunana. Inna ta sha wahala da "wannan" da "kai" shekara da shekaru, har na gama digirin farko ta samu mafita, ta koma ce mini Injiniya. Baba kuwa ko wannan bai yarda da shi ba. In yana son wani abu a wurina sai ya dubi ƙofa ko bango ya ce a gaya wa yaron ga, alhali daga ni sai shi a zauren. Ban taɓa jin haushi ba. Haka na taso na gani, haka kuma aka yi masa a gidan kakana.

Baba manomi ne na gero da dawa, kuma kunnensa ya daɗe yana tafiya a hankali. Kafin mu farga sai an ɗaga murya, daga baya sai an taɓa kafaɗarsa. A ranin da ya wuce ƙanwata, wadda ke aikin jinya a Sakkwato, ta kai shi aka auna shi, ta saya masa 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne. Da ita aka ba shi batura ƙanana, kowanne kamar ƙwayar masara, wai za su kai shi kaka. Ranar da ya fara sa ta, an ce tsayawa ya yi a tsakar gida yana waige-waige, yana tambayar tun yaushe kajin gidan suka koyi surutu haka.

Da na dawo na tarar ya mayar da jin nan nasa kamar hatsin rumbu. A gidanmu Baba kaɗai ke shiga rumbu, shi ke fito da dami, kuma a shekarar fari damin da ake cinyewa a 'yan kwanaki sai ya ja shi ya yi kusan ninki. Furar Inna ta tsinke, tuwon dare ya rage tsayi, amma ba mu kwana da yunwa ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Haka ya yi da kunnen. Yana kunnawa da safe in maƙwabta sun zo gaisuwa, ya kashe. Ya kunna ranar kasuwa don kada a cuce shi a ciniki, ya kashe. Ya kunna don labaran yamma a rediyo, ana gamawa ya kashe. Inna takan tsaya a gabansa ta nuna kunnenta.

"Malam, kunna abin ga, magana nika yi."

"Wadda kinka yi jiya ce," in ji shi. "Na jiya."

Akwai dalilin wannan tsumulmula, kuma kowa a gidan ya san shi. Shekaru kaɗan kafin nan mu 'ya'yansa mun haɗu mun cire rufin ƙasa na ɗakinsa, wanda ke yoyo, muka buga masa kwano. To a lokacin kunnen ya riga ya tafi. Duk ruwan da aka yi tun lokacin, har ɗan na bara, ya sauka a kan kwanon nan, shi yana ciki yana kallon bakin mutane. Na'urar kuma a rani ta zo. Don haka bai taɓa jin ruwa a kan rufinsa ba, kuma abin ya tsaya masa a rai.

"Ruwan hwarko nika jira," ya faɗa wa bangon zaure wata rana ina zaune. "Kowa na ta hwaɗin kwano na da daɗi in ana ruwa. Ɗakina, kwanona, sai dai a ba ni labari?"

Ban yi mako da dawowa ba na lura baturan suna mutuwa da wuri fiye da kima. Mutumin da ke kunna abu sau uku a yini bai kamata ya riƙa canza batir haka ba. Na tambayi Inna inda ake ajiye su. Ta ja ni zuwa katangar bayan madafa, inda ake jera tsofaffin baturan rediyo a rana don su farfaɗo, kamar yadda ake yi a kowane gida a garinmu. A gefensu ga wani ɗan gwangwanin man zafi a buɗe, cike da baturan kunnen Baba, suna ta ƙyalli a rana. Na ɗauki ɗaya na juya, takardar bayansa babu.

Irin waɗannan batura da iska suke aiki. Kowanne yana da 'yan ƙananan huji a bayansa, an liƙe su da 'yar takarda mai danƙo. Muddin takardar tana nan, batir yana barci. Ranar da ka ɓare ta ya fara shaƙar iska, daga nan kuma tafiya yake yi, ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba, kuma zafi da bushewa suna ƙara masa sauri. Inna ta ɓare su duka rana ɗaya. Ta ga yatsun Baba sun yi kanta da fartanya, yana fama da 'yar takardar nan kamar mai cire ƙaya, sai ta zauna ta sauƙaƙa masa. Sannan don ƙarin alheri take shanya su kowace safiya.

Na ɗauko mitata ta awon wuta na auna su ɗaya bayan ɗaya. Biyu kaɗai ke da sauran numfashi.

Na so in gaya wa Baba a asirce don kada Inna ta ji kunya. Sai dai ban yi tunanin yadda ake yi wa kurma raɗa ba. Na same shi a zaure na'urar tana kashe, ban kuma so ya kunna ta a kan wannan magana. Na fara a hankali, ya ce mi? Na ƙara murya, ya ce mi? Kafin in kai ƙarshen bayani ina ihu ne, har maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ga ko lafiya. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"To wa yas san batir na shaƙar iska? Akuya ne? Ni taimako niy yi. Su da sunka ƙera abinsu mi ya hana su hwaɗa ma mutane?"

An faɗa, a jikin kwalin, da rubutun da ko ni sai na matso da shi kusa da ido. Ban ce mata haka ba. Baba ya dubi gwangwanin, ya dubi Inna. Can ya girgiza kai.

"Ta shanya min kunne awa kuɓewa," ya ce.

Inna ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta ci ƙarfinta. Amma da ta koma madafa na ji ta yi shiru, babu ko 'yar waƙar da takan yi in tana tuƙi, kuma tuwon ranar ya zo wa Baba da man shanun da take ɓoyo.

Biyun da suka rage na sake liƙe hujinsu da salatif, na sa su a leda, na binne a damshin yashin da ke ƙarƙashin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Wannan jinkiri ne kawai, na sani. Ranar kasuwar garin Isa na hau kabu-kabu na tafi nema. Hanya duk gonaki ne a share, wasu sun gaji da jira sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa sun bar wa Allah. A gulbi mun wuce makiyaya suna tonon yashi, shanunsu na tsaye a kansu, ƙashin haƙarƙari a waje. Mai babur ɗin ya ce bai taɓa ganin gulbin ya yi fari haka ba, sannan ya ci gaba da ba ni labarin ƙwallo har muka isa.

A Isa na zagaya masu gyaran waya da masu kemis. Kowa ya juya batirin a tafin hannunsa ya ce bai taɓa gani ba, amma in dawo wani mako. Wani mai gyaran agogo ya ba ni wanda ya yi daidai da ramin, na kawo gida da murna, bai kai azahar ba ya mutu. Na ba wani direban motar Sakkwato mataccen batir ya kai wa ƙanwata. Ta bugo waya ta ce shagon da ke sayarwa sun ƙare, suna jiran kaya daga kudu, ba su san rana ba. Ta kuma tambaye ni amfanin injiniya a gida in har irin wannan za ta faru. Na tuna mata an ɓare baturan tun ina jami'a, ta ce wannan kuma ni ta shafa.

Ana cikin haka aikina yana tafiya. Wani abokina na firamare yana da shagon cajin waya a bakin kasuwa, da janareta mai tari kamar tsoho. Ya ba ni benci a can ciki, tsakanin wayoyin mutane. Nan nake zama daga hantsi zuwa la'asar, ina gwada zanena a kwamfuta. Abin da na zana ɗan sashe ne mai haɗa lissafi. Sai in ba shi wuta mai ƙarfin bolt ɗaya, ya amsa daidai. In rage, ya amsa daidai. Da na sauko wajen rabin bolt sai wata ƙofa guda a tsakiya ta fara yi mini ƙarya, in tambaye ta ɗaya da ɗaya ta ce sifili. In faɗaɗa ta ta daina ƙarya, sai maƙwabciyarta ta fara yoyo. Ina jin daɗin wannan kokawa fiye da yadda zan iya faɗa. Abokina yakan leƙo ya ce yau wa ya ci, kai ko tururuwa, ya ajiye mini ƙullin gyaɗa ya koma.

Wata rana, don rashin abin yi, na sake auna matattun baturan Baba. Ashe ba su mutu murus ba. Kowanne yana nuna wuta ƙasa kaɗan da abin da na'urar ke buƙata. Wutar tana nan a ciki, ƙofofin na'urar ne ba sa iya aiki da ita. Abin da nake zanawa a kwamfuta da zai iya. Na zauna da gwangwanin man zafi a hannu ɗaya, kwamfuta a cinya, na ji wani baƙin ciki da ban saba ji ba. Maganin yana gabana, amma zane ne.

Batir na farko cikin biyun Baba ya ƙarar da shi a roƙon ruwa, ranar da gari ya fita fili. Ya ce ba zai ce amin a kan abin da bai ji ba. Hadari ya haɗu bayan kwana biyu, ya yi duhu ta gabas, mata suka kwashe shanya, sannan iska ta kore shi ya tafi Nijar. Na tono na ƙarshen na auna, na ga ya ragu ko da salatif ɗin. Na je na gaya wa Baba gaskiya, da ihu kamar kullum, cewa wannan ba lalle ya kai ruwa ba, don ko an ajiye shi tafiya yake yi. Ya gyaɗa kai kawai.

Washegari bayan la'asar ina zaure ina duba zanen da ragowar cajin kwamfuta, sai ya shigo ya zauna a kan buzunsa. Na ga yana lalubar bayan kunne. Na ji 'yar ƙarar da na'urar ke yi in ta tashi. Ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

"Wanga abu da aka zane cikin akwatin ga, mi ne ne amfaninai?"

"Baba, ka kashe," na ce. "Shi kaɗai ya rage. Ka aje ma ruwa."

"An ce min ko an kashe tahiya shikai. Abin da ka tahiya gara a ci moriyatai. A hwaɗa min."

Tun ina firamare Baba bai taɓa tambayata abin da nake karantawa ba. Yana biyan kuɗin makaranta, yana sayar da rago in ta kama, amma tambaya ba ta cikin tsarin. Na rasa ta inda zan fara. Sai na fara da rijiyar bayan gari, wadda ruwanta ya yi ƙasa a shekarar har igiyoyin mutane suka daina kaiwa, aka koma ƙulla igiya biyu. Na ce baturansa haka suke, da sauran ruwa a ƙasa, igiyar na'urar ce gajera, ni kuma doguwar igiya nake saƙawa. Ya ce to, wannan ya gane. Na gaya masa labarin ƙofofin da ba su san komai ba sai e da a'a, da yadda suke rikicewa in wuta ta yi ƙasa.

Nan ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Haka kunnena yay yi," ya ce. "I da a'a duk sunka koma ɗaya. Shi as sa kaka ganin ina kaɗa kai ga komi. In an yi dariya in yi. Ban san abin da niy yarda da shi ba cikin shekarun ga."

Ya faɗe shi ne ba tare da neman tausayi ba, kamar mai ba da labarin farashin taki. Ni kuwa sai da na dubi ƙasa. Ya tambaye ni yadda ake hana ƙofar ruɗewa, na gaya masa. Ya tambayi yoyon, na ce ina sa wata babbar ƙofa mai gadi da ke yanke wa unguwa guda wuta in ba ta da aiki, kamar yadda yake kashe na'urarsa. Wannan ya yi masa daɗi, ya ce ashe shi ma injiniya ne. Sannan ya tambayi yaushe za a gama.

"Zane ne tukuna, Baba. Sai an kai ƙasar waje an ƙera, an gwada, an gyara. Shekaru ne."

"To ba ni za a yi ma ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ba komi. Kurame ba su ƙarewa. Ci gaba."

Na ci gaba. Na shiga bayanin ƙofar nan mai ƙarya, na zaƙe, har ina zana layuka da yatsa a ƙasa. Can na ɗago na ga yana gyaɗa kai. Na yi shiru, ya ci gaba da gyaɗawa. Batirin ya mutu, ban san tun yaushe ba, kuma bai nuna mini ba. Na ƙarasa maganar da na ɗauko har ƙarshenta, shi kuma ya ce madalla, ya tashi ya tafi alwalar magariba.

Da safe na rufe kwamfuta na ajiye. Na je katangar bayan madafa na tsaya a kan manyan baturan rediyo da ke shan rana. Rediyo mai ci ne, da batir ya ɗan gaji sai ya ƙi shi. Na'urar kunne kuwa abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Sabon batirin rediyo ya ɗan fi ƙarfin da aka yi ta da shi, ina tsoronsa. Amma gajiyayyun nan, da na auna su, wasu sun nuna daidai abin da take so. Ɗaya daga cikinsu zai riƙe ta wata da watanni, in na san yadda zan kai mata wutar.

Na yanko ɗan guntun tsohon silifa na sassaƙa shi daidai girman ƙaramin batir. Na yanka gwangwanin madara na manna masa sama da ƙasa, na samo siririyar waya daga mataccen abin sauraren waƙa, na je shagon abokina na haɗa guntun da batirin rediyon da dalma. Saura abu ɗaya: sai na ɗan fafe murfin na'urar don waya ta fito, kuma in na yi kuskuren haɗi ta ƙone, Baba ya koma kurma har sai an sake tara kuɗin wata, a shekarar da ake auna dami. Na buga wa ƙanwata waya don kada a ce ban yi shawara ba. Ta ce in na ƙona ta kada in sake zuwa Sakkwato. Na nuna wa Baba da hannu abin da zan yi da abin da zai iya faruwa. Ya ciro na'urar ya ajiye mini a tafin hannu, ya ce bisimilla.

Na auna haɗin ban san sau nawa ba. Na tura guntun silifan, na rufe murfin. Na'urar ta yi 'yar ƙararta ta tashi. Baba ya maƙala ta, ya karkata kai. A cikin gida Inna tana daka.

"Turmin ga ya tsage," ya ce. "A hwaɗa mata."

Wani baduku a kasuwa ya ɗinka wa batirin jaka ta jar fata da igiyar ratayawa. Baba ya riƙa sa ta a ƙarƙashin riga, waya ta bi ta wuya ta hau bayan kunne. A masallaci aka fara tambayarsa wane malami ya ba shi laya mai girma haka. Ya ce wani malamin boko ne, kuma tana ci. Ya daina kashewa. Yana jin kaji, yana jin jikoki, yana jin maƙwabci yana faɗa da jakinsa. Inna ce kaɗai ta yi asara, don ta saba yin mitarta a gabansa hankali kwance, yanzu kuwa tana farawa sai ya ce yana ji. Ta ce mini in ƙera wani abin da zai riƙa kashe shi daga madafa.

Makonnin nan suna cikin mafi daɗin da na yi a rayuwata, duk da sama ta ƙi. Da hantsi ina shago ina kokawa da tururuwa, har na samu ƙofar nan ta daina ƙarya a rabin bolt ba tare da maƙwabciyarta ta yi yoyo ba. Da yamma ina zaure, Baba yana tambayar bango ko an ci nasara yau, ni kuma in ba bangon amsa.

Ruwan ya zo wata rana bayan azahar. Daminar ba ta yi wani auki ba daga baya, amma ranar ba wanda ya san haka. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, ba wanda ya yarda ya ce komai don an sha yaudararmu. Baba yana gona yana duba binnensa. Sai ga shi ya shigo da sassarfa, abin da ban taɓa gani ba, ya ja hula ta rufe kunnen, hannu ɗaya a kan jakar fata don kada ta jiƙe. Inna da yara suna ta fito da bokitai da kwanoni. Ya wuce ɗakinsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yafito ni da hannu. Rabona da zama a ɗakin nan tun ina yaro.

Ya zauna a bakin gado, na zauna a ƙasa. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano, tas. Wani ya biyo. Sannan kamar ana watsa gero a faranti. Baba ya ɗaga kai yana kallon rufin, bakinsa a ɗan buɗe. Sai ruwan ya kece gaba ɗaya, ɗakin ya cika da ruri. Na san yadda na'urar ke ƙara irin wannan ƙara, na miƙa hannu in rage masa, ya buge hannuna. Ya runtse ido ɗaya don zafin ƙarar, yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Can ya sauko da kansa ya dube ni, ni ɗin, ba bango ba. Ya faɗi wata magana. Na ga bakinsa ya motsa, ban ji komai ba.

"Na'am?" na ce da ƙarfi.

Ya sake faɗa. Ruwan ya cinye ta. Na sa hannu a bayan kunne, na gyaɗa kai don kada in ba shi wahala. Wannan ya sa ya ƙara fashewa da dariya, yana nuna ni da yatsa. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, da kwano a hannu, tana kallonmu.

Da ruwan ya tsagaita Baba ya fita duba rumbu. Ina taya Inna juye bokitai a randa na tambaye ta ko ta ji abin da ya ce. Ta ce ita ma ba ta ji ba, amma ta daɗe tana zaune da mutumin nan, ta san bakinsa. Ta ci gaba da juye ruwa ba ta dube ni ba.

"Sunanka yak kira," ta ce. "Har sau biyu. Miƙo min wancan bokiti."